Itace, dutse, yumɓu ko kirare: da wanne za ka yi sassaƙarka?

Wanda ya ƙuduri niyyar yin aikin sassaƙa na zamani da kayan da ƙasa ta bayar, ko kuma zai biya a yi masa, yakan fara da tambayar da ya kamata ta zo daga baya. Sai ka ji yana cewa, "Wanne ya fi kyau, itace ko dutse?" Kyau kam kowanne yana da nasa. Inda suka rabu shi ne halin da suke nunawa bayan an gama aiki an ajiye gizago. Itace yana shaƙar danshi yana fitarwa muddin yana nan. Yumɓu yana tsukewa. Ganye yana koɗewa. Dutsen da ake ganin ba ya motsi, shi ma ruwa na cinsa sannu a hankali. Saboda haka kafin ka taɓa kowane kaya, amsa wa kanka abu biyu: ina aikin zai zauna, kuma shekara nawa kake so ya yi a wurin?

Sassaƙar zamani ba lalle ta zama siffar mutum ko ta dabba ba. Da yawa daga cikin manyan ayyukan shekaru 60 da suka wuce da'ira ce, ko baka, ko katanga, ko tulin duwatsu da aka jera da tunani. Wannan ya buɗe ƙofa, amma ya ƙara wa zaɓin kaya nauyi, domin a irin wannan aiki kayan ne ke yin rabin maganar.

Ma'aunin da za mu auna da shi

Na farko kuɗi. Kuɗin sayen kayan shi ne mafi ƙanƙanta a lissafi, kuma shi ne yake yaudarar mutane. A haɗa da kayan aiki, da watannin da za a ɓata, da ɗauka daga wurin aiki zuwa wurin zama, da kulawar da za a riƙa yi kowace shekara.

Na biyu ƙarko, kuma dole a raba shi biyu: a ƙarƙashin rufi, da a fili inda rana da ruwa suke. Kayan da zai yi shekaru ɗaruruwa a ɗaki yana iya ruɓewa cikin damina biyar a waje.

Na uku sauƙin aiki. Yaushe hannu zai faɗa? In an yi kuskure, yana gyaruwa?

Na huɗu haɗari, ga jikin mai aiki, ga aikin kansa, sannan ga doka da wurin da aka ɗebo kayan.

Itace

Ta nan yawancin masu sassaƙa suke shigowa. Kayan aikinsa kaɗan ne: gizago, kurfi iri uku ko huɗu, gudumar katako, magagari da zarto. Gungumen da iska ta kayar, sau da yawa kuɗin ɗauko shi kawai za ka biya. Nauyinsa kuma da dama-dama. Dunƙulen busasshen itace mai ƙarfi, rabin mita ta kowane ɓangare, yakan tsaya tsakanin kilo 90 da 120, mutum biyu ko uku za su ciccibe shi. Ga ɗumi a ido da a tafin hannu, wanda dutse ba shi da shi.

Matsalarsa tsagewa ce, kuma na ɗanɗana ta. Babban aikina na farko na yi shi ne da gungumen da bai fi wata biyu da sarewa ba, kaurinsa ya kai santimita 40. Ɗanye ne, kurfi yana shiga kamar a sabulu, ina ta murna. Wata uku ina kansa. Da na gama na shigar da shi ɗaki mai bushewa don kada ƙura ta ɓata shi. Wani dare na ji ƙara kamar an tsula bulala. Da gari ya waye na tarar da tsaga daga sama har gindi, ta bi ta daidai wurin da na fi wahala a kansa, yatsana yana shiga ciki. Na daɗe a tsaye ina kallonsa, domin ba wanda zan ɗora wa laifi.

Dalilin a fili yake. Itace yana tsukewa ta kewayen zobbansa kusan ninki biyu na yadda yake tsukewa daga tsakiya zuwa ɓawo, sannan waje yana riga ciki bushewa. Gungumen da aka bari da cibiyarsa a ciki, da wuya ya tsira. Masu katako suna da ƙiyasi: kowane kaurin santimita 2.5 yana son shekara guda a inuwa kafin ya bushe. In ka bi wannan lissafi, gungume mai kaurin santimita 30 zai ci shekara 12. Wa zai jira? Shi ya sa ake dabara. A raba gungumen biyu ta tsakiya, ko a rarake cikinsa ta baya, a toshe bakinsa biyu da kaki don kada ruwan ya fita da gaggawa. Wasu kuma sun bar gungume gaba ɗaya. Ursula von Rydingsvard, wadda ke aiki a birnin New York, tana jera sandunan katakon sida da aka riga aka yanka, ta datse kowanne da zarton lantarki, ta manne su ɗaya kan ɗaya har su zama abin da ya fi mutum tsawo sau biyu ko uku.

Akwai kuma waɗanda suka rungumi tsagewar. David Nash, wanda ke zaune a arewacin Wales, yana aiki da ɗanyen itace da gangan, ya yanka shi yadda in ya fara bushewa zai lanƙwashe ya buɗe, iskar ɗaki ta ƙarasa aikin. Giuseppe Penone na Italiya kuwa tun 1969 yake ɗaukar azarar katako ta masana'anta yana ɓare zobbanta ɗaya bayan ɗaya, har ƙaramar bishiyar da ke ɓoye a ciki ta bayyana da ƙananan rassanta. A wurina wannan ne ya fi nuna abin da itace ke bayarwa: yana zuwa da tarihinsa a jiki, mai sassaƙa nasa ya bi.

A ɗaki, in an tsare shi daga gara da ƙwaro, itace yana yin ɗaruruwan shekaru. A waje labari ya sake. Naman gwarin da ke ruɓar da katako yana kama aiki ne da zarar ruwan jikinsa ya haura kashi 20 cikin 100, don haka aikin da gindinsa ke taɓa ƙasa ya riga ya fara mutuwa. A ɗora shi kan dutse ko ƙarfe, a cire farin ɓangaren da ke kusa da ɓawo, a bar jan ciki, a guji duk wani rami da ruwa zai kwanta, a shafa mai kowace shekara. Ko da an yi duk wannan, rana za ta mayar da launinsa ruwan toka.

Haɗarin kaifi kowa ya san shi. Na ƙura ne ake rainawa, alhali tun 1995 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo sankara, musamman ta hanci. Sai kuma doka: tun Janairun 2017 yarjejeniyar CITES, wadda ke kare dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta sa ido kan cinikin madobiya da itatuwan dangin Dalbergia tsakanin ƙasashe. Aikin da aka yi da su yana iya maƙalewa a kan iyaka in babu takardu. Tambayi sunan itacen da asalinsa kafin ka sa kurfi.

Dutse

In ka ce dutse, kamar ka ce hatsi ne, iri-iri ne. A ma'aunin tauri na Mohs, wanda ke tafiya daga 1 zuwa 10, dutsen sabulu yana can ƙasa, wuƙa ma tana yankarsa. Alabasta yana kan 2, mabul yana kan 3, giranit yana tsakanin 6 da 7. Tazarar ba ƙarama ba ce. Abin da za ka cire daga alabasta a yini guda, a giranit sai ka yi mako, kuma sai da kurfi mai bakin kabaid, wani haɗin ƙarfe mai tsananin tauri, ko faifan lu'ulu'u.

A nan ne kuɗi ke ɓuya. Mita guda ta kowane ɓangare na giranit ko mabul tana da nauyin kusan kilo 2,700. Wancan dunƙulen rabin mitar da mutum uku suka ɗaga a itace, a dutse ya kai kilo 340. Daga nan sai maganar ƙugiya da babbar mota da harsashin kankare, kuma kowane matsarwa kuɗi ne. Sau da yawa ɗaukar aikin ta fi sayen dutsen tsada.

Abin da kake saya da wannan wahala shi ne zaman lafiya na dogon lokaci. Giranit a fili zai ga jikokin jikokinka. Mabul da farin dutsen da ake yin siminti da shi ba su kai nan ba, domin ruwan sama mai tsami yana narkar da fuskarsu, ƙananan zane su goge cikin shekaru. Alabasta na ɗaki ne kawai. Kuskure ɗaya da ke fasa ko da dutse mai ƙarfi shi ne haɗa sassa da ƙarfen da ke tsatsa, domin tsatsa tana kumbura ta tsaga dutsen daga ciki. A yi amfani da ƙarfen da ba ya tsatsa.

Dutse ba ya yafe kuskure. Abin da ya fita ya fita. Amma kada wannan ya sa ka ɗauka sai wanda ya yi makarantar fasaha. A Zimbabwe, a ƙauyen masu sassaƙa na Tengenenge da aka kafa a 1966, ma'aikatan gona ne suka fara, da guduma da kurfi da dutsen safentin na yankin, har ayyukansu suka zaga duniya. Yadda suke gama aiki abin kallo ne. A goge dutsen da takardar yashi cikin ruwa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har ya yi sumul amma yana nan fari-fari kamar an barbaɗa masa toka. Sai a gasa shi da wuta ya yi zafi, a shafa kaki, kakin ya narke ya shige cikin ƙofofin dutsen. Da ya huce aka murza da tsumma, sai baƙi mai sheƙi ya fito, inda aka bari da kaushi kuma ya tsaya da launinsa na asali. Dutse ɗaya, fuska biyu.

Akwai wata hanya da ba ta buƙatar sassaƙa ko kaɗan, wato jerawa. Andy Goldsworthy ya gina katangar dutse ba siminti a filin baje kolin Storm King da ke jihar New York tsakanin 1997 da 1998, tsawonta ya kusa mita 700, tana lanƙwasa tsakanin bishiyoyi ta nutse a tafki ta ɓullo a ɗaya gefen. In wurinka yana da duwatsu a warwatse, wannan ita ce hanya mafi araha ta samun babban aiki mai ɗorewa.

Haɗarin dutse ya fi na sauran tsanani, kuma ina so a ji wannan da kyau. Ƙurar silika, ma'adinin da ke cikin yashi da duwatsu da yawa, tana shiga huhu ta yi tabon da ba ya warkewa. Dutsen yashi yana ɗauke da silika kashi 70 ko fiye, giranit tsakanin 20 da 45, mabul kuwa kaɗan ne ƙwarai. Wasu nau'o'in safentin da dutsen sabulu kuma suna da asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da ke cutar da huhu, a jikinsu. Tsumma a hanci ba ya tare komai. A yanka da ruwa, a sa takunkumi mai matata ta gaske, a sa tabarau, a toshe kunne. Wanda ba zai iya wannan ba, ya haƙura da giranit.

Yumɓu

Shi kaɗai ne cikin manyan ukun da ake ƙarawa maimakon a rage. Ka lanƙwasa, ka cire, ka mayar, ka rushe gaba ɗaya ka jiƙa ka sake. Ga mai koyo babu kamarsa, domin a wata guda zai gwada siffofin da a dutse za su ci masa shekara. Yumɓun kansa ba shi da tsada, kayan aikin kuwa yatsu ne da ɗan katako da waya.

Kuɗin yana wurin wuta. Yumɓun da ba a gasa ba laka ce, ruwa ɗaya ya mayar da shi inda ya fito. Tsakanin digiri 450 da 600 ne ruwan da ke ɗaure a jikinsa yake fita har abada, daga nan ba ya komawa laka. Wutar fili ta itace da ciyawa takan kai digiri 600 zuwa 900, ta ba da jiki mai shan ruwa, mai saurin karyewa. Jan yumɓu yana nuna sosai a wajen digiri 1,000 zuwa 1,150. Wanda ake kai wa 1,200 zuwa 1,300 kuwa yana haɗewa ya yi kusan taurin dutse, kuma shi ne ya fi dacewa da fili, musamman inda sanyi ke daskarar da ruwa, domin ruwan da ya daskare a cikin jiki mai ƙofofi fasa shi yake yi.

Girman tanderu shi ne iyakar girman aikinka, sai dai ka yi shi gunduwa-gunduwa ka haɗa, ko ka bar yawa ya yi aikin girma. Antony Gormley ya yi haka a 1993, inda mutane kusan 100 suka mulmula ƙananan siffofi 40,000 da hannu, aka gasa su a masana'antar bulo, aka cika ɗaki da su har bakin ƙofa. Magdalene Odundo, haifaffiyar Nairobi, ta bi ta ɗaya gefen: jiki ɗaya, ginin hannu, a goge shi da tsakuwa har ya yi ƙyalli ba tare da ruwan gilashi ba. In wutar ta sami iska ya fito ja, in an toshe iskar hayaƙi ya mayar da shi baƙi.

Abu uku ke karya zuciyar mai yumɓu. Yana tsukewa da kashi 10 cikin 100 ko fiye tsakanin gini da gashi, don haka in ka ɗaura shi a kan ƙashin ƙarfe ko katako wanda ba ya tsukewa, zai tsage. In bangonsa ya wuce santimita 2 zuwa 3, ko bai bushe har ciki ba, ruwan da ya rage yana tafasa ya tarwatsa aikin a tanderu, har ya ɓata na kusa da shi. Sannan akwai digiri 573, inda ƙwayoyin yashin ciki ke kumbura farat ɗaya, wanda ya yi gaggawar wuta a nan, wajen hawa ko wajen sauka, ya ga tsaga. Maganinsu a rarake ciki, a bar ƙofar iska, a cuɗa dakakken tsingaro a cikin yumɓun, a busar a hankali.

Ƙarkonsa abin mamaki ne. Sojojin yumɓun da aka tono kusa da birnin Xi'an na ƙasar Sin a 1974 sun haura shekara 2,200 a binne. Amma a farfashe aka sami mafi yawansu. Gasasshen yumɓu ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa, wuta ba ta ƙona shi, faɗuwa ɗaya kuma ta gama da shi. Shi ma busasshiyar ƙurarsa tana da silika, don haka a goge wurin aiki da jiƙaƙƙen tsumma, ban da shara.

Kirare, gora da igiya

In girma kake so da kuɗi kaɗan, nan za ka tsaya. Patrick Dougherty na Amurka ya yi ayyuka sama da 300 da ɗanyun tsumagu, yana saƙa su su zama ɗakuna da hasumiyoyin da mutum ke shiga ciki. Mako uku ya riƙa ɗauka shi da 'yan sa-kai, ba ƙusa ba igiya, aikin kuma ya yi kamar shekara biyu a rushe shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a nan maganar a zahiri take: in tsumagun suka kwana biyu a rana sai karyewa.

A ƙarƙashin rufi lissafin ya bambanta. Sopheap Pich na Kambodiya yana aiki da gora da sandar ratan, Mrinalini Mukherjee ta Indiya kuma ta yi shekaru tana ƙulla rinanniyar igiya ta zama manyan siffofi masu tsayuwa ko ratayuwa. Irin waɗannan suna daɗewa in an tsare su daga hasken rana, da laima, da ƙwaro. Gidajen adana kayan tarihi sukan naɗe sabon aiki a leda su sa shi cikin sanyin digiri 20 ƙasa da sifili har mako guda don kashe ƙwari da ƙwansu. Haɗarin da ba a wasa da shi gobara ce.

Ganye, ƙanƙara, yashi da bishiya mai rai

Wannan zaɓin yana ba wasu haushi. Ka wuni kana aiki, iska ta kwashe? Goldsworthy yana ɗinke ganyaye da ƙaya, yana manna tsinin ƙanƙara da asuba, rana ta fito ta narkar. Richard Long a 1967 tafiya kawai ya yi, yana kai da komo a kan ciyawa har layi ya fito, ya ɗauki hoto. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma masu wannan hanya sun sani, ɓacewar tana cikin abin da suke faɗa.

Ina girmama wannan hanya ƙwarai, amma a san abin da ake shiga. Kayan kyauta ne, sai dai abin da zai rage a hannunka hoto ne, don haka kyamara mai kyau da ido mai sanin haske sun zama rabin sana'ar. Kuma wurin shi ke da iko. Robert Smithson ya zuba duwatsu da ƙasa sama da tan 6,000 a Babban Tafkin Gishiri na jihar Utah a 1970, ya yi murɗaɗɗiyar hanya mai tsawon kusan mita 460 da ake kira Spiral Jetty. Bayan 'yan shekaru ruwa ya shanye ta, ta yi kusan shekara 30 mafi yawanci a nutse, sai da fari ya janye tafkin a 2002 ta fito lulluɓe da farin gishiri. David Nash ya shuka bishiyoyi 22 a da'ira a 1977, yana datsewa yana lanƙwasawa har suka haɗu suka yi ƙubba, bayan shekara 40 cutar naman gwari ta kama su. Mai aiki da abu mai rai ya ɗauki reno.

Haɗari ga jiki kaɗan ne. Ga wuri kuwa akwai shi: nemi izinin mai fili, kada ka kwashe duwatsun rafi inda ƙananan halittu ke fakewa, kada ka kawo tsiron da ba na yankin ba.

A taƙaice cikin jadawali

| Kaya | Inda kuɗi ke tafiya | Ƙarko a ɗaki | Ƙarko a fili | Sauƙin koyo | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Itace | Jiran bushewa, kulawar shekara-shekara | Ɗaruruwan shekaru | Gajere ko matsakaici | Matsakaici | Tsagewa, gara, ƙura |
| Dutse mai laushi | Sayen dutse | Dogo ƙwarai | Rauni | Matsakaici | Karyewa, asbestos a wasu |
| Dutse mai tauri | Kayan aiki, ɗauka, harsashi | Dogo ƙwarai | Mafi tsawo | Mai wuya | Ciwon huhu, nauyi |
| Gasasshen yumɓu | Tanderu da makamashi | Dogo ƙwarai | Ya danganta da zafin gashi | Mai sauƙin farawa | Fashewa a wuta, faɗuwa |
| Kirare da igiya | Hannun ma'aikata | Shekaru masu yawa | Kamar shekara 2 | Mai sauƙi | Gobara, ƙwaro |
| Ganye, ƙanƙara, yashi | Hoto da tafiya | Babu | Awoyi ko kwanaki | Sauƙin farawa, wuyar ƙwarewa | Ɓata wuri |

Wa ya dace da me

In yanzu kake farawa, ka kama yumɓu, ko da burinka dutse ne. Wata shida kana mulmulawa kana rushewa zai koya wa idonka ganin siffa ta kowane gefe, kuma ba sai ka gasa komai ba tukuna.

In aikin na dandali ne ko harabar wata ma'aikata, inda yara za su hau, rana ta doka, kuma babu tabbacin wani zai kula da shi bayan bikin buɗewa, giranit ko wani dutse mai tauri ne amsar. Ka ware kuɗin ɗauka da harsashi tun farko. Kada a lallashe ka da itace don ya fi araha yau.

In na cikin gida ne ko zauren baje koli, kuma kana son abin da hannu zai so taɓawa, itace. Sharaɗin ka tambayi yaushe aka sare shi, a ina ya bushe, kuma an rarake cikinsa ko a'a. Kada ka ajiye shi kusa da na'urar sanyaya ɗaki ko tagar da rana ke shiga.

In za a riƙa yawo da aikin daga wannan baje koli zuwa wancan, igiya da gora sun fi kowa sauƙin ɗauka, itace na biye. Yumɓu sai da akwati na musamman.

In taro ne na ɗan lokaci, ko kana son jama'a su sa hannu, makaranta ko unguwa, kirare. Ka faɗa musu tun ranar farko cewa shekara biyu zai yi, kuma a tsayar da wanda zai rushe shi kafin ya zama haɗari.

In kuɗi babu amma akwai fili da lokaci da kyamara, aikin da ke ɓacewa hanya ce ta gaske, manyan masu fasaha sun gina suna a kanta.

Wanda kuma har yanzu zuciyarsa ke tsakanin biyu, ga abin da nake yi tun bayan wancan gungumen. Ina yin ƙaramin samfuri da yumɓu don in ga siffar. Sannan in yanki gutsure kamar tafin hannu daga kowane kayan da nake tunani, in goge su in shafa musu abin da zan shafa wa babban aikin, in rubuta kwanan wata a ƙasansu, in kai su daidai wurin da aikin zai zauna. Ina barinsu shekara guda cur, su ga zafi su ga ruwa, ina leƙawa kowane wata da kyamara.